Kyamara a Wurin Aiki: Iyakar Mai Gida da Haƙƙin Ma'aikaci a Dokar Ghana

Kyamarar tsaro, wadda aka fi sani da CCTV, ta zama kayan aiki na yau da kullum a wuraren sana'a na Kumasi. A Atonsu, unguwar da ke kan hanyar da ta fita daga birni zuwa tafkin Bosomtwe, ana ganin ta a gidajen mai da kantunan magani da shagunan kayan gini da rumfunan masu tura kuɗi ta waya. Unguwar na maƙwabtaka da Ahinsan da Kaase da Asokwa, inda masana'antu da injinan tsaga katako da manyan ɗakunan ajiyar kaya suke, kuma a wannan yanki mutanen Zango da yawa ke neman abinci, wasu masu gida, mafi yawa kuwa ma'aikata: direbobi, masu gadi, mahauta a mayankar Kaase, yaran shago. Kuɗin na'urar ya sauka, ta kuma haɗu da wayar hannu, har mai kanti kan zauna a gidansa a Aboabo, ko ma yana can Makka aikin Hajji, yana kallon durowar kuɗinsa. Ɓarawon waje ake ambata in za a kafa ta, amma sau da yawa na cikin gida ake nufi: mai karɓar kuɗi da ake zargi da taɓa ciniki, ko mai sito da buhuna ke ɓacewa a hannunsa, ko mai gadin da ake jin barci yake yi da dare.

Ghana ba ta da doka guda da aka keɓe wa kyamara a wurin aiki. Hukuncin ya rarrabu ne a wurare uku: kundin tsarin mulki na 1992, da Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2012 mai lamba 843, da Dokar Ƙwadago ta 2003 mai lamba 651. In aka haɗa su, abin da ke fitowa shi ne kafa kyamara halal ne, sai dai halaccin na rataye da sharuɗɗa, kuma a wajen sharuɗɗan ne masu gida da yawa ke kuskure.

Sashe na 18(2) na kundin tsarin mulki shi ne tushe. Ya hana a kutsa cikin sirrin gidan mutum ko dukiyarsa ko wasiƙunsa ko maganganunsa, sai in doka ta ba da izini kuma kutsen ya zama dole saboda tsaron jama'a, ko tattalin arzikin ƙasa, ko kare lafiya da ɗa'a, ko hana rikici da aikata laifi, ko kare haƙƙin wasu. Ma'aikaci ba ya ajiye wannan haƙƙi a bakin ƙofa ranar da ya kama aiki. Haƙƙin yana raguwa ne gwargwadon wurin da yake tsaye: a gaban kanta, inda kowa ke ganin sa, kaɗan ya rage, a ɗakin sauya kaya kuwa yana nan cikakke. Mai gida shi ma yana da nasa a cikin wannan sashe, domin sakin layi na farko ya tabbatar da haƙƙin mallakar dukiya, kuma hana sata na cikin dalilan da aka lissafa. Aikin kotu shi ne awo tsakanin biyun.

Doka mai lamba 843 ce ta shiga cikin al'amarin daki-daki. A wurinta, duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi bayanin mutum ne, kuma fuskar da kyamara ta ɗauka ta shiga wannan layi. Ɗaukar hoton, da ajiye shi, da kallon sa, da tura shi ga wani, duk sarrafa bayani ne. Wanda ya yanke shawarar kafa kyamarar da abin da za a yi da ita, shi doka ke kama wa da alhaki, ko babban kamfani ne a Kaase ko mai kanti ɗaya a bakin titin Atonsu. Mai gyaran da ya zo ya ja waya ya maƙala na'urar ba shi ne da alhakin farko ba.

Abu na farko da dokar ta ɗora wa irin wannan mutum shi ne rajista da Hukumar Kare Bayanai, tare da sabunta ta duk shekara biyu. Wanda ya ci gaba da sarrafa bayanan mutane ba rajista ya yi laifi, kuma hukuncinsa tara ce da ba ta wuce ma'aunin tara 250 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Ma'aunin tara ɗaya sidi 12 ne, ke nan sidi 3,000. Kuɗin ba shi da yawa ga kamfani, amma ɗaurin na nan a rubuce, kuma a 2023 hukumar ta fita da 'yan sanda a Akra tana kama jami'an wasu kamfanonin da ba su yi rajista ba.

Na biyu shi ne dalili. Mutane da yawa na ɗauka sai ma'aikaci ya sa hannu ya amince kafin a ɗauke shi a kyamara. Sashe na 20 bai tsaya nan ba. Ya ambaci amincewa, sannan ya buɗe wasu ƙofofi, ciki har da inda sarrafa bayanin ya zama dole don kare halastacciyar maslahar mai sarrafawa. Kare kaya da kuɗi da lafiyar ma'aikata maslaha ce halastacciya, kuma ta wannan ƙofa yawancin kyamarorin wurin aiki ke shiga. Wannan ma ya fi dacewa da gaskiyar lamari, domin amincewar mai neman aiki ba amincewa ba ce sosai: yarinyar da ta daɗe ba ta samu aiki ba, ko me aka miƙa mata za ta sa hannu. Amma kalmar "dole" tana da nauyi. Sashe na 19 ya ce abin da za a tattara ya zama mai amfani ga dalilin, kada ya wuce kima. Kyamarar da ke kallon durowar kuɗi da ƙofar sito tana da hujja. Wadda aka saita a kan kujerar ma'aikaci ɗaya tun safe har dare, don a ƙirga sau nawa ya ɗaga waya ko ya tashi salla, da wuya ta samu hujja.

Na uku shi ne sanarwa, kuma shi ya fi sauƙi, shi kuma aka fi sakaci da shi. Dokar na so mutum ya san ana ɗaukar bayaninsa, ya san wanda ke ɗauka, da dalili, da waɗanda za su gani, da haƙƙinsa na neman ganin abin da aka ɗauka. Allon da aka rubuta cewa akwai kyamara a nan ya isa ga mai saye da ke wucewa. Ga ma'aikaci kuwa ya kamata a yi bayani fiye da haka, a cikin takardar ɗaukar aiki ko a wata takarda daban: kyamara nawa, ina da ina, tana ɗaukar murya ko ba ta ɗauka, kwana nawa ake ajiye hoton, kuma ko za a yi amfani da shi wajen ladabtarwa. A Atonsu, inda ma'aikaci zai iya kasancewa mai jin Twi ko Hausa ko Dagbani ko Frafra kuma bai karanta Turanci ba, takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba ta cika siffar sanarwa ne kawai. Dalilin da aka faɗa kuma yana ɗaure mai gida. Wanda ya ce don ɓarayi ya kafa kyamara, sannan ya koma yana bibiyar wa ke hira da wa, ko wa ya halarci taron ƙungiyar ƙwadago, ya fita daga dalilin da ya bayyana.

Sauran sharuɗɗan sun shafi abin da ke biyo bayan ɗauka. Sashe na 24 ya hana ajiye bayani fiye da lokacin da buƙata ta nema, bai kuma yanke adadin kwanaki ba, don haka mai gida ne zai tsayar da wa'adi mai ma'ana ya kuma iya kare shi. Yawancin na'urori na goge tsohon hoto da kansu in ma'ajiyarsu ta cika, abin da ya fi zama matsala shi ne guntayen da ake kwafa a waya su zauna shekara da shekaru. Sashe na 28 ya wajabta tsare bayanin daga hannun wanda ba shi da hurumi, ke nan lambar sirrin na'urar ba abin raba wa 'ya'ya da abokai ba ce. Ma'aikaci kuma na da ikon rubuta takarda ya nemi ganin abin da aka ɗauka game da shi, kuma doka ta ba mai gida kwana 40 ya amsa.

Akwai wuraren da babu wata maslaha da za ta halatta kyamara a cikinsu: banɗaki, da wurin wanka, da ɗakin sauya kaya, da ɗakin da ma'aikata ke kwana. Zargin cewa a nan ake ɓoye kayan sata bai isa ba, domin ana iya tsare ƙofar daga waje. Bayan sashe na 18 akwai sashe na 15 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. In kuma hoton tsiraici ya fita, magana ta koma ta Dokar Tsaron Intanet ta 2020 mai lamba 1038, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ga mai yaɗa irin wannan hoto ba da yardar mai shi ba.

Murya ce ta fi hoto haɗari ga mai gida. Kyamarori da yawa na zamani na zuwa da makirufo a ciki, wasu masu su ma ba su sani ba, kuma sashe na 18(2) ya ambaci maganganu da sunansu. Shari'o'i biyu na Kotun Ƙolin Ghana da suka fi haska wannan fage duk kan naɗar murya a asirce aka yi su.

Ta farko ita ce ƙarar da Abena Pokua Ackah ta kai Bankin Raya Aikin Gona, wato ADB, wadda aka yanke a Disambar 2017. Ma'aikaciyar bankin ce. Ta yi hira ta waya da wani ɗan jarida, ta soki yadda ake tafiyar da bankin da kuɗin garaɓasar da shugabansa ya karɓa. Ɗan jaridar ya naɗi hirar ba ta sani ba, faifan ya kai hannun hukumar bankin, aka gurfanar da ita gaban kwamitin ladabtarwa, aka sallame ta. Ta sha kaye a Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli ta juya hukuncin: naɗar da aka yi a ɓoye ta keta sirrinta, bankin ba shi da damar gina sallama a kanta, aka kuma yanke mata diyya. Abin lura a nan, ba bankin ne ya naɗi muryar ba. Karɓa ya yi ya yi aiki da ita, amma hakan bai wanke shi ba. Mai kantin da wani yaro ya kawo masa muryar abokin aikinsa a waya, yana tsaye a wuri irin wannan.

Ta biyu ita ce shari'ar Cubagee da Asare, wadda aka yanke ran 28 ga Fabrairun 2018. Rikicin fili ne da ya taso daga kotun majistare ta Sunyani. Mai ƙara ya naɗi hirarsa ta waya da wakilin wata majami'a a asirce, ya nemi kotu ta saurara a matsayin shaida. Mai Shari'a Gabriel Pwamang ne ya rubuta hukuncin, kuma ya tsayar da abu biyu. Na ɗaya, naɗar muryar mutum ba da saninsa ba keta haƙƙi ne, ko da mai naɗar shi ne abokin hirar, domin wanda ya yarda ya yi magana bai yarda a adana maganar ba. Na biyu, shaidar da aka samu ta hanyar keta haƙƙi ba a watsar da ita kai tsaye, ba a kuma karɓar ta kai tsaye. Alƙali ne zai auna girman ketawar, da nauyin abin da ake tuhuma, da ko karɓar shaidar zai zubar da ƙimar shari'a. A wannan ƙarar an ƙi karɓar faifan. A tuhumar babban laifi awon na iya rinjaya ɗaya gefen. Wannan ma'auni ne lauyoyi ke ɗaukowa in an zo kan hoton kyamara, kuma ma'anarsa ga mai gida ita ce faifan da ya ɗauka a ɓoye caca ce: ana iya karɓa, ana iya ƙi, kuma ko an karɓa, ma'aikacin na iya juyowa ya nemi diyya.

To, ko akwai halin da ɓoyayyiyar kyamara ke halatta? Doka mai lamba 843 ta sassauta wasu sharuɗɗanta inda ake binciken laifi, amma ba ta zana iyakar ba. Misalin da ya fi fitowa fili daga Turai yake. A 2009 manajan wani babban kanti kusa da Barsalona a Sifen ya lura kaya da kuɗi ba sa daidaita, asarar wata biyar ta haura Yuro 80,000. Ya kafa kyamarori na fili a ƙofofi, ya gaya wa ma'aikata, ya kuma kafa ɓoyayyu a kan wuraren karɓar kuɗi, bai faɗa ba. Cikin kwana goma aka ga ma'aikata na sata suna kuma taimaka wa wasu, aka kori 14. Biyar daga cikinsu suka kai magana Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar da aka sani da López Ribalda. Ƙaramin zauren kotun ya ba su gaskiya a 2018, babban zaure ya warware a Oktoban 2019 da rinjayen alƙalai 14 a kan 3. Dalilan da ya dogara da su sun cancanci a riƙe: akwai zargi mai tushe kafin a kafa, asarar babba ce, ana zargin haɗin bakin mutane da yawa, kyamarar ta tsaya kan wurin kuɗi kawai, kwanakin kaɗan ne, mutane ƙalilan suka ga hoton, ba a kuma yi wani abu da shi ba sai abin da aka kafa ta dominsa. Kotun ta ja kunne cewa ɗan ƙaramin zato ba zai halatta irin wannan ba.

Ɗaya gefen ya bayyana a Jamus a farkon 2021, lokacin da hukumar kare bayanai ta jihar Lower Saxony ta sanar da cin tarar kamfanin sayar da kwamfuta na notebooksbilliger.de Yuro miliyan 10.4, saboda ya shafe aƙalla shekara biyu yana ɗaukar ma'aikatansa a wuraren aiki da ɗakunan ajiya da wuraren hutawa. Kamfanin ya ce rigakafin sata yake yi, ya kuma garzaya kotu. Hukumar ta ce zargin kowa da kowa ba dalili ba ne, kuma akwai hanyoyi masu sauƙi da ya kamata a fara gwadawa, kamar duba jakunkuna lokaci-lokaci. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure kotun Ghana ba, amma kotunanta kan duba na waje in za su fassara haƙƙin sirri. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tun 1997 ta fitar da ƙa'idar da ke cewa bibiyar ma'aikaci a asirce ba ta dace ba sai dokar ƙasa ta yarda ko akwai zargi mai tushe na babban laifi.

Duk wanda ya tayar da zancen ɓoyayyiyar kyamara a Ghana, sai an ce masa ina Anas. A 2015 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fito da fim ɗin da ya nuna alƙalai da ma'aikatan kotu na karɓar kuɗi da awaki, kuma a Disambar shekarar aka sallami alƙalai 20 na ƙananan kotuna. A 2018 fim ɗinsa mai suna Number 12 ya kai ga murabus ɗin Kwesi Nyantakyi daga shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Sai dai wannan kwatance ba ya amfanar mai shago. Aikin jarida na da nasa sassauci a Doka mai lamba 843, an kuma ɗaure shi da maslahar jama'a, waɗanda aka ɗauka kuwa masu riƙe da amanar al'umma ne. Yaron da ake zargi da ɓatan kwalin madara ba alƙali ba ne, ubangidansa kuma ba ɗan jarida ba.

In kyamara ta nuna wani abu, Dokar Ƙwadago ke karɓar ragama. Sashe na 62 ya lissafa dalilan sallama ta adalci, kuma ɗaya daga ciki shi ne rashin ɗa'ar da aka tabbatar. Sashe na 63 ya ɗora wa mai gida nauyin nuna cewa dalilin na adalci ne kuma an bi hanyar adalci. Hanyar adalci a aikace ita ce a gaya wa ma'aikaci abin da ake tuhumarsa da shi, a nuna masa hoton, a ba shi lokaci ya kare kansa, in yana da ƙungiya wakilinta ya zauna. Akan ce gani ya kori ji, amma kotu ba ta tafiya a kan haka. Kyamara na nuna hannu ya shiga durowa ya fita da kuɗi, ba ta nuna cewa matar mai gida ce ta bugo waya ta ce a ba ɗan aike. Agogon na'ura kan karkace in an ɗauke wuta, hoton dare kan dushe, mutum biyu masu kaya iri ɗaya kan rikita mai kallo. Dokar Mu'amalar Lantarki ta 2008 mai lamba 772 ta yarda da shaidar na'ura, amma ta ce a duba yadda aka samar da ita da yadda aka adana ta da ko an taɓa ta. Guntun daƙiƙa talatin da aka ɗauka da waya daga fuskar talabijin ba shi da nauyin cikakken faifan da aka kwafo daga na'urar da kwanan watansa.

Wanda aka sallama ba bisa adalci ba yana iya kai kuka Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ke da ikon umartar a mayar da shi aikinsa, ko a ba shi wani makamancinsa, ko a biya shi diyya. Amma sashe na 66 na Dokar Ƙwadago ya cire wasu daga wannan kariya: masu aikin wa'adi, da waɗanda ke cikin lokacin gwaji, da masu aikin wucin gadi. Yawancin yaran shago da masu dako da masu koyon sana'a a Atonsu ba su da takardar aiki ko ɗaya, ko da yake doka ta ce aikin da ya kai wata shida a rubuta shi, don haka tun a matakin tabbatar da matsayinsu suke fara shan wuya. Haƙƙin sirri dai bai dogara da takarda ba. Kundin tsarin mulki da Doka mai lamba 843 "mutum" suka ce, ba su ce ma'aikaci mai kwantiragi ba.

Yanke albashi ma na da ƙa'ida. Sashe na 69 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida ɗora wa ma'aikaci tarar kuɗi kan kowane dalili. Sashe na 70 ya ba da damar cire kuɗin asarar kayan da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikaci, amma da yardarsa. Al'adar raba gibin ciniki a kan dukan yaran da ke aiki a ranar, don kyamara ba ta nuna takamaiman mutum ba, ba ta da madogara a nan.

Laifin da ya fi yawa a wannan fage yana aukuwa ne bayan an gama kallon hoton. Mai gida ya fusata, sai ya tura guntun bidiyon a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ko ya ɗora a Facebook da TikTok da sunan yaron da unguwarsu, wai don a yi hattara. Wannan sabon sarrafa bayani ne da ya saɓa wa dalilin ɗauka, kuma sashe na 43 na Doka mai lamba 843 ya ba wanda ya cutu ko ya shiga damuwa ikon neman diyya. Ghana ta soke laifin ɓata suna daga dokar manyan laifuka a 2001, amma ƙarar neman diyya kan ɓata suna tana nan. Kundin tsarin mulki kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar. A Zango, inda kowa ya san gidan kowa, bidiyon kan riga mutum isa gida, ya shafi aurensa da na ƙannensa, kuma ko an wanke shi daga baya ba mai bin wayoyi yana gogewa. Akwai kuma haɗarin taron dangi a kan wanda aka kira ɓarawo, abin da ƙasar ta ga muninsa. Sata laifi ne a Dokar Manyan Laifuka ta 1960 mai lamba 29, kuma wurin kai faifan shi ne ofishin 'yan sanda, miƙa musu shi kuwa doka ta yarda. Wanda ya kama mutum da hannunsa wajibi ne ya miƙa shi ba da jinkiri ba. Kulle shi a sito, ko dukansa, ko tilasta masa furta laifi a gaban waya, laifuka ne masu zaman kansu.

Da yawa daga cikin irin waɗannan rigingimu ba sa kaiwa kotu. A gaban liman ko sarkin Zango ko dattawan da suka kawo yaron aiki ake kashe su, kuma a can ma ba a rasa ma'auni ba, domin malamai kan kawo hanin da Suratul Hujurat ta yi a kan mugun zato da bin diddigin asirin mutane, su kuma kawo nauyin amana a kan wanda aka damƙa wa dukiya. Sulhu irin wannan doka ba ta hana shi a kan abin da ya shafi biyan asara, amma ba ya sauke haƙƙin kowa na zuwa hukuma.

Gida na da hukunci mai ɗan sarƙaƙiya. Doka mai lamba 843 ta keɓe abin da mutum ya tattara don harkar kansa da iyalinsa kawai, don haka kyamarar ƙofar gida ba ta buƙatar rajista. Sai dai gidan da ke da 'yar aiki ko mai raino wurin aiki ne a gare ta, kuma tun 2020 Ghana na da ƙa'idoji na musamman kan ma'aikatan gida. Kyamara a falo ko kicin, da saninta, abu ne da za a iya karewa. A ɗakin da take kwana kuwa kundin tsarin mulki ne ke magana, keɓewar kuma ba ta kai can ba.

Ma'aikacin da ke ganin an wuce iyaka da shi na da ƙofofi da dama. Hukumar Kare Bayanai na karɓar ƙorafi, tana kuma iya ba da umarnin a daina ko a goge. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Adalcin Gudanarwa, wato CHRAJ, na da ofis a Kumasi, ba ta karɓar kuɗi, kuma ikonta ya kai kan kamfanoni da mutane masu zaman kansu in maganar keta haƙƙi ce. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya buɗe hanyar Babbar Kotu kai tsaye, ita ce hanyar da ma'aikaciyar ADB ta bi.

Ɗan kasuwar Kumasi da ke da reshe a Legas ko Kano ko Yamai zai tarar da tsari mai kama da wannan, domin ƙasashen ECOWAS na lokacin sun amince da ƙa'ida guda kan kare bayanan mutane a 2010. Najeriya na da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta, Nijar kuma ta yi tata dokar a 2017 ta kafa hukumar HAPDP. Rajistar da aka yi a Akra ba ta aiki a can, kowace ƙasa da nata sharuɗɗan. Wanda ke zaune a Atonsu yana kallon shagonsa na Kano ta waya kuwa, hotunan ma'aikatansa na tsallaka iyaka ne, kuma dokar Najeriya ta 2023 na da babi na musamman kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa.